Haruffa Masu Ƙafa: Abin da Ke Bayan Jayayyar Times New Roman da Calibri

A ranar 9 ga Disamba, 2025, sakataren harkokin wajen Amurka, Marco Rubio, ya ba da umarnin cewa takardun ma'aikatarsa su koma fita da zubin haruffan Times New Roman, mai girman lamba 14. Umarnin ya soke na wanda ya gada, Antony Blinken, wanda a Janairun 2023 ya sa aka ajiye Times New Roman aka ɗauki Calibri. Dalilin Blinken shi ne a sauƙaƙa wa masu raunin gani da masu dogaro da manhajojin da ke karanta musu rubutu. Rubio kuwa ya ce Calibri bai dace da martabar wasiƙun gwamnati ba, ya kuma lissafa sauyin cikin shirye-shiryen tafiya da kowa na zamanin Biden waɗanda gwamnatin Trump ke rushewa.

Siyasa tana ciki, wannan ba a musu. Amma ƙarƙashinta akwai tsohuwar muhawara tsakanin masu sana'ar ɗab'i: ko 'yan layukan da ke bakin haruffa suna taimakon ido, ko kuwa ado ne kawai da aka saba da shi har ya zama alamar girma.

## Mene ne ƙafar harafi?

Zubin haruffa shi ne fasalin da aka zana wa dukkan baƙaƙe da lambobi don su tafi da kama ɗaya. Times New Roman zubi ne, Arial zubi ne, Calibri ma haka. Masu zane sun raba su gida biyu manya. A gida na farko, kowane harafi yana da ɗan guntun layi a inda sandarsa ta ƙare: a dubi gindin T ko na m a jarida, za a ga kamar an yi musu 'yan ƙafafun tsayawa. Wannan guntun layi shi ake kira serif. Gida na biyu ba shi da su, sandar harafi tana ƙarewa a yanke, shi ne sans serif. Times New Roman, Garamond, Baskerville, Bodoni da Georgia masu ƙafa ne. Calibri, Arial, Helvetica da Verdana marasa ƙafa ne.

Ƙafar ce ido ya fi saurin kamawa, amma ba ita kaɗai ta raba gidajen ba. Yawancin masu ƙafa suna da kauri da siranta a jikin harafi ɗaya. Wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana rubutu da alƙalamin kara ya san yadda abin yake faruwa: bakin alƙalamin mai faɗi ne, idan ya gangaro sai layi ya yi kauri, idan ya bi gefe sai ya sirance. Marubutan Italiya na ƙarni na 15 da alƙalami mai faɗin baki suke rubutu, kuma hannunsu aka kwaikwaya lokacin da aka fara zuba haruffa da ƙarfe. Marasa ƙafa galibi kaurinsu kusan ɗaya ne daga sama har ƙasa.

Akwai abu na uku da ba a cika lura da shi ba, wato tsayin ƙananan haruffa irin a, e, n idan aka gwada su da manya. Zubi biyu za su iya zama lamba 12 dukansu, amma ɗaya ya fi ɗaya girma a ido, saboda ƙananan haruffansa sun fi tsayi. Garamond lamba 12 ya fi Verdana lamba 12 ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wannan batu zai sake tasowa idan aka zo kan hujjoji.

## Daga dutsen Rum zuwa maɗaba'un Turai

Manyan haruffa masu ƙafa sun girmi na'urar ɗab'i da fiye da shekara dubu. Rubutun da ke gindin ginshiƙin Trajan a birnin Rum, wanda aka kammala a shekara ta 113, har yau shi masu zane suke koyi da shi. An daɗe ana cewa masassaƙa ne suka ƙirƙiri ƙafar don su gyara ƙarshen layi da kurfi. A 1968 wani limamin Katolika ɗan Amurka, Edward Catich, ya kawo bayanin da yanzu ya fi karɓuwa: ana fara zana haruffan a jikin dutse da buroshi mai faɗi, ƙafar kuma sawun ɗaga buroshin ne, masassaƙi ya bi abin da ya tarar.

Gutenberg, wanda ya fara ƙera na'urar ɗab'i a Turai, ya buga littattafansa a Jamus da baƙaƙen haruffa masu cunkoso irin na marubutan ƙasarsa. A Benis ta Italiya aka sauya hanya. A 1470 Nicolas Jenson ya haɗa manyan haruffan Rumawa da ƙananan haruffan marubutan Italiya, ya fito da zubin da mai karatu na yau zai iya bi ba tare da tuntuɓe ba. Bayansa Francesco Griffo ya sassaƙa wa maɗaba'ar Aldus Manutius haruffa a ƙarshen ƙarnin, ya kuma yi na farkon haruffa masu kishingiɗa, waɗanda aka buga littafi da su a 1501. Claude Garamond ya ɗora a kan aikin Griffo a Faris cikin ƙarni na 16. A Landan, William Caslon ya fara nasa a shekarun 1720, kuma da haruffan Caslon aka buga takardar shelar 'yancin Amurka karon farko a 1776. Waɗannan duka ana kiransu tsohon salo: bambancin kauri da siranta bai yi yawa ba, ƙafafun suna haɗuwa da sanda da ɗan lanƙwasa, harafin o kuma yana ɗan karkata kamar yadda hannu ke karkatar da alƙalami.

John Baskerville na Birmingham ya kaifafa abin a 1757. Ya ƙara siranta layuka, ya miƙar da haruffa, ya yi tawada mai tsananin baƙi, ya goge takarda har tana sheƙi. 'Yan ƙasarsa da yawa ba su so ba, har ana cewa haruffansa za su makantar da masu karatu. Benjamin Franklin, wanda shi ma maɗabi'i ne, ya ba da labarin wani mutum mai irin wannan suka a wasiƙar da ya rubuta wa Baskerville. Ya ɗauko takardar samfurin Caslon, ya yage wurin da sunan yake, ya miƙa wa mutumin a matsayin ta Baskerville. Mutumin ya shiga nuna aibi harafi bayan harafi, yana cewa idonsa har ya fara ciwo, bai san haruffan da ya saba karantawa duk rayuwarsa yake kushewa ba. Labarin ya haura shekara 260, amma duk mai son auna iƙirarin da ake yi yau kan zubin haruffa yana da abin ɗauka a ciki.

Firmin Didot a Faransa da Giambattista Bodoni a Parma ta Italiya suka kai abin ƙarshe a ƙarshen ƙarni na 18: sanda mai kauri sosai, layi siriri kamar gashi, ƙafa a miƙe ba lanƙwasa. Sai kuma zamanin masana'antu ya zo da buƙatar talla mai ɗaukar ido daga nesa. A 1815 Vincent Figgins ya fito da haruffa masu ƙafa mai kauri kamar tubali, shekara guda bayan haka kuma wani jikan gidan Caslon ya buga zubin farko marar ƙafa. Sai a ƙarni na 20 marasa ƙafa suka samu shiga sosai.

## Yadda haruffan jarida suka zama na ofis

Times New Roman ba tsoho ba ne kamar yadda ake zato. Stanley Morison, mai ba kamfanin ƙera haruffan ɗab'i na Monotype shawara, ya soki yadda ake buga jaridar The Times ta Landan, sai masu jaridar suka ce ya gyara. Shi da mai zane Victor Lardent suka yi aikin, jaridar ta fara fita da sabon zubin ranar 3 ga Oktoba, 1932. Buƙatar jarida aka duba: haruffa matsattsu don kalmomi da yawa su shiga siririn layi, ƙananan haruffa masu tsayi don a iya karanta su ko da an ƙanƙanta. Jaridar da kanta ta daina amfani da shi a 1972.

Kwamfuta ce ta ba shi rayuwa ta biyu. Microsoft ya sa shi cikin Windows 3.1 a 1992, ya kuma zama zubin da Word ke buɗewa da shi. Shekara da shekaru duk wanda ya buɗe sabon shafi bai taɓa komai ba, da shi yake rubutu. Daga nan ya shiga ƙa'idojin jami'o'i da ofisoshi a duniya. A 2007 Microsoft ya maye gurbinsa da Calibri na Lucas de Groot, wanda aka zana don fuskar kwamfuta, a 2023 kuma ya sanar da Aptos a madadin Calibri.

Ita kanta ma'aikatar harkokin wajen Amurka sai a 2004 ta ɗauki Times New Roman. Kafin nan da Courier New take aiki, mai kama da bugun tafireta. Ke nan al'adar da umarnin 2025 ya dawo da ita shekara 19 ta yi a ma'aikatar kafin a katse ta. Abin da ya daɗe da gaske shi ne haruffa masu ƙafa a matsayin gida, ba wannan zubin shi kaɗai ba.

## Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan marasa ƙafa suna cewa siraran layuka da 'yan ƙafafu su ne suke fara ɓacewa ga mai raunin gani, kuma suna ƙara cunkoso ga mai lalurar rikicewar haruffa wajen karatu. Ƙungiyar masu wannan lalura ta Birtaniya tana ba da shawarar a yi amfani da irin su Arial, Verdana ko Calibri, lamba 12 zuwa 14. Suna kuma nuna cewa yawancin takardun ofis yanzu a fuskar kwamfuta ko waya ake karanta su, ba a takarda ba. Wannan hujja ta fi ƙarfi a da, lokacin da fuskar kwamfuta ke da ɗigo kusan 96 a kowane inci, ƙafar harafi ta fito a dagule. Wayoyin yau da yawa sun haura ɗigo 300, don haka matsalar ta ragu ƙwarai, sai dai ba kowane ofis ne ya rabu da tsofaffin kwamfutoci ba.

Masu goyon bayan ƙafa suna cewa tana jan ido a kan layi, tana kuma bambanta haruffa masu kama da juna. Rabin farko na wannan magana yana da rauni, domin ido ba ya bin layi a hankali, tsalle yake yi daga gungun haruffa zuwa wani. Rabi na biyu kuwa gaskiya ne. A Calibri da Arial, babban I da ƙaramin l kusan sanda ɗaya ce, sunan Iliya ko Illo yana iya rikita wanda bai san shi ba. A Times New Roman wannan ba ya faruwa, sai dai shi ma ƙaramin l ɗinsa yana kama da lamba 1. Kowane gida da inda yake tuntuɓe.

Bincike bai ba kowa cikakkiyar nasara ba. Wahalar gwajin ita ce, idan aka gwada Times New Roman da Arial, ba ƙafa kaɗai ta bambanta su ba, akwai faɗi da tsayi da kauri da tazara. A 2005 masu bincike biyu, Aries Arditi da Jianna Cho, suka ƙera haruffan da babu abin da ya raba su sai girman ƙafa, suka gwada mutane, ba su ga wani bambanci a saurin karatu ba. Abubuwan da suka fi tasiri a bayyane suke: girman harafi, tazarar layi, tsawon layi, da yadda baƙin rubutu ya fita daga farin shafi. A wannan ma'auni, girman harafi ya fi sunan zubin da Blinken da Rubio suka saɓa a kai amfani ga mai raunin gani. Manhajar da ke karanta wa makaho rubutu kuwa ba ta kallon siffar harafi idan rubutun na kwamfuta ne tun asali. Zubi yana shigowa ne idan hoton takarda aka ɗauka ana so na'ura ta gane baƙaƙen.

Saura batun martaba, wanda shi ne ginshiƙin hujjar Rubio. A 2012 Errol Morris, mai shirya fina-finai, ya yi wani gwaji a shafin jaridar New York Times: aka nuna wa masu karatu kusan dubu 45 magana ɗaya cikin zubi shida daban-daban, aka tambaye su ko sun yarda da ita. Baskerville ya zo kan gaba, amma da tazarar kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Gwajin jarida ne, ba na ɗakin bincike ba, abin da ya nuna kuma shi ne tasirin yana nan amma ƙarami ne. Mafi kusa a ce sabo ne ya haifar da shi: littattafan addini, dokoki da takardun shaida an ɗauki ƙarnoni ana buga su da haruffa masu ƙafa, ido ya haɗa siffar da muhimmanci.

Wani abin lura shi ne, ko a cikin masu son ƙafa, ba kowa ke ganin Times New Roman da daraja ba. Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta wa lauyoyi zubin gidan Century a takardun da ake shigar mata a matsayin ɗan littafi. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Chicago ta daɗe tana shawartar lauyoyi su nemi zubin littafi maimakon na jarida, ta Washington kuma a 2021 ta ce ba ta son Garamond saboda ƙanƙantarsa.

## Kowane zubi da wurinsa

Kyan zubi yana tare da aikin da aka zana shi dominsa. Garamond, Caslon da danginsu na dogon karatu ne a takarda. Ba su da kaifi mai gajiyar da ido, shi ya sa littattafan adabi da na tarihi suka riƙe su. Baskerville yana zama daidai a littafin ilimi, takardar shaida da wasiƙar girmamawa.

Bodoni da Didot su ne mutane suka fi nufi idan suka ce haruffa masu ƙawa. Su ake gani a bangon mujallun kayan ado irin Vogue da Harper's Bazaar, da kwalaben turare. Sharaɗinsu ɗaya ne: su fito manya, a kan takarda mai kyau, da fili kewaye da su. Idan aka ƙanƙanta su, ko aka buga su da na'urar da tawadarta ta yi rauni, ko aka sa su farare a kan hoto, siraran layukan sai su ɓace, a bar mai karatu da sanduna tsaye. Katin biki da aka rubuta sunan ango da amarya da Bodoni babba yana fita da kyau, amma idan aka bi da shi har wajen adireshi da lokacin ɗaurin aure, dattijo sai ya nemi wanda zai karanta masa.

Georgia, wanda Matthew Carter ya zana, Microsoft ya fitar a 1996, shi ne amsar masu cewa ƙafa ba ta zama a kwamfuta. An ƙarfafa layukansa, an buɗe cikinsa, an ɗaga ƙananan haruffansa. Shi kuwa Times New Roman, da yake na siririn layin jarida ne, idan aka shimfiɗa shi lamba 12 a faɗin takardar A4 layin yakan yi tsawo, ido ya riƙa ɓata wajen komawa farkon na gaba. Tazara biyu tsakanin layuka da jami'o'i ke nema tana rage wannan.

Kamfanoni ma suna kai da komo. Google ya cire ƙafafu daga tambarinsa a 2015. Gidan tufafi na Burberry ya yi haka a 2018, a 2023 ya dawo da su.

## Abin da ya shafi mai rubutu da Hausa

Umarnin Rubio na takardun da ma'aikatarsa ke rubutawa ne, bai ɗora wa mai neman biza ko mai aika wa ofishin jakadanci wasiƙa komai ba. Ɗalibin da sashensa ya ce Times New Roman lamba 12 da tazara biyu, ƙa'idar makarantarsa zai bi. Mai rubuta takardar neman aiki kuma, kowanne daga cikin gidajen biyu ya ɗauka ya wadatar, muddin bai ƙanƙanta ba kuma bai cakuɗa zubi uku ko huɗu a shafi ɗaya ba.

Amma mai rubutu da Hausa yana da tambayar da ke gaban ta ƙafa: shin zubin yana da haruffa masu lanƙwasa? Ɓ, ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, a Nijar kuma ana ƙarawa da ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Zubin Turai na gargajiya ba a zana su da waɗannan ba. A shekarun 1980 an yi yunƙurin samar da zubi ɗaya na harsunan Najeriya, har fitaccen mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a aikin. Da kwamfuta ta yaɗu, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera zubin Hausa da mawallafa suka daɗe suna aiki da su. Dabarar wancan zamani ita ce a ɗora harafi mai lanƙwasa a mazaunin wani da Hausa ba ta amfani da shi. Muddin zubin yana cikin kwamfuta komai daidai ne, da zarar an kwashe rubutun zuwa wani wuri sai asirin ya tonu. Asalin qasa, xaya da varna da ake gani a wasu rubuce-rubucen intanet ke nan.

Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, amma ya bar wani tarko. Ƙ da ƙ da manyan Ɓ da Ɗ suna rukuni ɗaya, ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna rukunin alamomin masana furuci. Mai zanen da ya tsaya a rukunin farko zai fitar da zubi mai ƙ amma babu ɗ. Idan harafi ya ɓace, kwamfuta takan aro shi daga wani zubi ba tare da sanarwa ba, sai a ga ɗ marar ƙafa, mai kauri daban, tsaye a tsakiyar kalma mai ƙafa. Wani lokaci ɗan akwati ne zai fito a gurbinsa. Wasu masu buga kati da allon talla sukan kauce wa matsalar ta hanyar zubar da lanƙwasar gaba ɗaya, baƙi ya koma baki.

A nan zubin da suka fi ƙawa su ne suka fi ba da matsala. Garamond da Bodoni da ke zuwa tare da Office ba su da waɗannan haruffa. Times New Roman da Calibri na Windows ɗin yanzu dukansu suna da su, abin da tsofaffin Times New Roman na zamanin Windows XP ba su cika ba. Ga mai son haruffa masu ƙafa da aka zana tun farko da harsunan Afirka a zuciya, akwai Charis da Gentium na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, da Noto Serif na Google, duka kyauta ne. Gentium na Victor Gaultney yana da laushin alƙalami da ya dace da waƙa da adabi. Charis, wanda aka gina a kan Charter na Matthew Carter, ƙafafunsa sun fi ƙarfi, yana jure takarda mai arha da na'urar ɗab'i ta shago.

Kafin a biya kuɗin bugu, ana iya rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ cikin zubin da aka zaɓa, a duba su a miƙe, a duba su da kauri, a duba su a kishingiɗe, domin akwai zubin da ke da su a siffa ɗaya ya rasa su a sauran. Idan za a kai aikin wata maɗaba'a, a mayar da shi PDF tare da zubin a cikinsa, tunda kwamfutar can ba lallai tana da shi ba.